Tsukewar jijiyoyin ƙwaƙwalwa a yara masu sikila: ƙarin jini ko ƙwayar magani?

A asibitocin Kano da Kaduna inda ake duba masu sikila, akwai wani gwaji da ya shigo a 'yan shekarun nan wanda har yanzu iyaye da yawa ba su gama gane kansa ba. Yaro zai zo da ƙafarsa yana wasa, ba zazzaɓi, ba ciwon ƙashi. A kwantar da shi, a shafa masa wani mai a gefen kai tsakanin ido da kunne, a ɗora wata 'yar na'ura. Da an gama sai a gaya wa uwa cewa jinin da ke ratsa kan ɗanta yana gudu fiye da ƙima, kuma yaron yana cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. A rubuta masa ƙwayar magani mai suna haidiroksiyuriya da zai riƙa sha kullum. Idan mahaifinsa ya buɗe takardar da ke cikin kwalin, ya tarar an ce maganin cutar daji ne. Idan kuma ya tuntuɓi wani ɗan'uwa da ke Amurka ko Ingila, ya ji cewa a can ƙarin jini ake yi wa irin wannan yaro kusan duk wata.

Dole hankali ya rabu. Yaya za a ce lafiyayyen yaro yana bakin shanyewa, cutar da aka fi sani da tsofaffi masu hawan jini? Kuma me ya sa maganin nan ya bambanta da na can? Amsar tana komawa ga abu guda, wato tsukewar wasu jijiyoyin jini a gindin ƙwaƙwalwa.

## Tsukewa daban, toshewa daban

Jikin mutum cike yake da hanyoyi: jijiyoyin jini, maƙogwaro, hanji, mafitsara da bututunta, ƙofofin cikin zuciya, har da ramin da lakar baya ke bi ta cikin ƙashin gadon baya. Kowace daga cikinsu tana iya tsukewa, wato faɗinta ya ragu har abin da ke wucewa ya riƙa wucewa da ƙyar. Toshewa kuwa ita ce rufewar hanyar gaba ɗaya. Sau da yawa tsukewa ce ke share wa toshewa fage, amma mutum yana iya shekaru da tsukakkiyar jijiya ba tare da ya ji komai ba.

Abin da ke jawo tsukewar shi ke bambanta cuta da cuta. Dattijo mai hawan jini da ciwon suga, kitse ne ke taruwa cikin bangon jijiyarsa a hankali. Matashiyar da ta yi fama da ciwon maƙogwaro tun tana ƙarama ba a yi maganinsa ba, tabo ne ke manne ƙofar zuciyarta bayan shekaru. Yaron da ya sha sodar haɗa sabulu bisa kuskure, ƙunar ce ke warkewa ta bar tabon da zai tsuke maƙoshi har tuwo ya gagara wucewa. Namijin da ya yi ciwon sanyi ba a magance shi da kyau ba, tabo ne ke tsuke masa hanyar fitsari. Tunda sababin ya bambanta, magani ma ya bambanta, shi ya sa duk wani haɗi da aka ce yana "wanke jijiyoyi" ko wace iri ce, maganarsa ba ta da tushe.

Akwai wani lissafi da ke nuna girman matsalar. Idan faɗin bututu ya ragu da rabi, kuma ƙarfin turi bai canza ba, ruwan da ke wucewa ba rabi yake komawa ba, kashi 1 cikin 16 yake komawa. Raguwa kaɗan a faɗin jijiya asara ce babba ga gaɓar da take shayarwa. Ƙwaƙwalwa kuwa ba ta da juriyar yunwa. Nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jikin baligi ba, amma tana cinye kusan kashi 20 cikin 100 na iskar oksijin da jiki ke amfani da ita, ta ƙaramin yaro ma ta fi haka ci. Mintoci kaɗan ba jini sun isa su kashe wani sashe nata.

## Abin da sikila ke yi wa bangon jijiya

Yawancin mutane sun san sikila ta fuskar ciwon ƙashi: jajayen ƙwayoyin jini su lanƙwashe, su maƙale a ƙananan jijiyoyi, ciwo ya tashi. Abin da ke faruwa a ƙwaƙwalwa ya ɗan bambanta, domin manyan jijiyoyi yake kamawa, waɗanda ƙwayar jini ba ta isa ta maƙale a cikinsu ba. Wurin da ya fi shafa shi ne ƙarshen babbar jijiyar da ke hawa ta wuya ta shiga ƙoƙon kai, da farkon rassanta biyu masu kai jini gefe da gaban ƙwaƙwalwa.

Jar ƙwayar jinin lafiyayyen mutum takan yi kwana kusan 120 tana aiki. Ta mai sikila takan fashe cikin kwana 10 zuwa 20. Wannan yana haifar da abubuwa biyu. Na farko ƙarancin jini na dindindin, wanda ke tilasta wa zuciya ta riƙa tura jini da sauri don ƙwaƙwalwa ta samu abin da take buƙata. Na biyu, abin da ke zubowa daga fasassun ƙwayoyin yana cinye wani sinadari da jijiya ke fitarwa don ta saki jiki ta buɗe. Ga kuma lanƙwasassun ƙwayoyin da fararen ƙwayoyin jini suna mannewa a fatar cikin jijiyar suna ƙuje ta. Jijiyar da ake ƙuja dare da rana, jini kuma yana dukan ta da ƙarfi a daidai inda ta rabu biyu, sai bangonta ya shiga yin kauri ta ciki. Hanya ta riƙa raguwa. Wata rana gudan jini ya zauna a wurin, ko zazzaɓin cizon sauro ya zubar da jinin yaron farat ɗaya, sai sashen ƙwaƙwalwar da ke gaba ya rasa abinci.

Babu ruwan kitse a wannan lamari. Hana yaro mai ko ƙwai ba zai kare shi ba, sai ma ya ƙara masa rama.

Wani babban bincike da aka bi dubban masu sikila a Amurka, aka wallafa a 1998, ya nuna cewa kusan kashi 11 cikin 100 na masu nau'in SS suna samun shanyewar ɓarin jiki kafin su kai shekara 20, kuma haɗarin ya fi tsanani tun daga shekara 2 zuwa wajen 9. Idan ta faru sau ɗaya ba a ɗauki mataki ba, tsofaffin bayanai sun nuna tana dawowa ga kusan biyu cikin uku, galibi cikin 'yan shekaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kusan 150,000 masu sikila a Najeriya kowace shekara, adadin da ya fi na kowace ƙasa. Duk wanda ya haɗa waɗannan alƙaluma biyu zai ga yawan gidajen da abin ya shafa.

## Me na'urar take aunawa?

Na'urar da ake ɗora wa yaro a gefen kai, wadda ma'aikata ke kira TCD, danginta ɗaya da wadda ake yi wa masu ciki hoto da ita. Sauti take turawa ta inda ƙashin kai ya fi sirantaka, sautin ya bugi jinin da ke gudu ya dawo, ta lissafa saurinsa. Ba allura, ba ciwo, ba a sa yaro barci. An fara amfani da wannan dabara a 1982.

Dalilin da ya sa sauri ke nuna tsukewa kowa ya san shi daga tiyon ban ruwa: ka danne bakinsa da babban yatsa, ruwan ya fito da ƙarfi ya yi nisa. Likitoci sun raba sakamakon gida uku. Ƙasa da santimita 170 a sakan ɗaya, lafiya lau. Daga 170 zuwa 199, yaron yana tsakatsaki, a sake gwada shi ba da jimawa ba. Daga 200 zuwa sama, haɗari ne. Yaron da ke wannan rukuni na ƙarshe, idan aka bar shi haka, yiwuwar ya samu shanyewa ta kai kusan kashi 10 cikin 100 a kowace shekara.

Akwai abin lura a nan. Na'urar ba hoton jijiyar take ɗauka ba, gudun jini kawai take aunawa, kuma ƙarancin jini shi kaɗai yana iya ƙara gudun. Yara da dama da sakamakonsu ya haura 200, idan aka yi musu hoton jijiyoyi da babbar na'urar MRI, ba a ganin tsukewa a fili tukuna. Wannan bai rage darajar gwajin ba. Ma'anarsa ita ce yana kama matsalar tun tana farko, lokacin da ake iya juya ta. Haka kuma bai kamata a yi gwajin yaro yana zazzaɓi ko yana cikin ciwo ba, domin lambar za ta hau ba gaira ba dalili. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce a gwada kowane yaro mai SS sau ɗaya a shekara, daga shekara 2 zuwa 16.

## Yadda ƙarin jini ya zama doka a Amurka

Lambar 200 ta samo asali ne daga aikin wani likitan ƙwaƙwalwa, Robert Adams, a jihar Jojiya. Shi ya jagoranci binciken da ake kira STOP, inda aka ɗauki yara 130 masu gudun jini mai haɗari aka raba su biyu. Rukuni ɗaya aka riƙa yi musu ƙarin jini a kai a kai don a rage jinin sikila a jikinsu zuwa ƙasa da kashi 30 cikin 100, ɗaya rukunin aka bar su a kan kulawar da aka saba. Cikin waɗanda ake ƙara wa jini, yaro ɗaya ne ya samu shanyewa. Cikin ɗaya rukunin, 11. Bambancin ya kai kashi 92 cikin 100, har aka dakatar da binciken kafin lokacinsa saboda ba zai halatta a ci gaba da hana sauran yaran jini ba. An wallafa sakamakon a 1998.

Sai tambaya ta biyo baya: har zuwa yaushe za a riƙa ƙarin? Bincike na biyu da aka wallafa a 2005 ya gwada dakatarwa ga yaran da suka yi aƙalla wata 30 ana ƙara musu jini kuma gudun jininsu ya dawo daidai. Cikin yara 41 da aka dakatar wa, 14 lambarsu ta koma ta haɗari, 2 suka samu shanyewa, duk cikin 'yan watanni. Daga nan aka fahimci cewa ƙarin jini danne matsalar yake yi, da an ɗaga sai ta dawo.

Ƙarin jinin kuma yana da nasa nauyin. Kowace leda tana shigo da sinadarin ƙarfe wanda jiki ba shi da hanyar fitarwa, ya taru a hanta da zuciya, sai an haɗa da wani magani mai tsada don kwashe shi. Jiki yana iya fara ƙin jinin wasu mutane, samun wanda ya dace ya riƙa wuya. Ga haɗarin cututtukan da ke bin jini idan tantancewa ta yi rauni.

## Me ya sa hanyar ba ta zauna a Najeriya ba

A ƙasar da mai haihuwa ke zubar da jini ana neman 'yan'uwa su zo su bayar cikin dare, maganar a ware wa yaro leda duk mako uku ko huɗu har ya girma abu ne da asibitoci kaɗan za su iya ɗauka. Iyali ne ke biyan kuɗin gwaji da na leda, su ne ke nemo mai bayarwa, su ne ke biyan kuɗin mota daga ƙauye. A asibitin koyarwa na Ibadan, likitar yara Ikeoluwa Lagunju da abokan aikinta sun bi diddigin wannan na tsawon shekara biyar, suka tarar iyaye kaɗan ne ƙwarai suka amince da tsarin, waɗanda suka fara ma ci gaba ya yi musu wuya. Ba rashin son 'ya'ya ne ya kawo haka ba, ƙarfi ne bai kai ba.

Wannan ya bar likitoci cikin tsaka mai wuya. Za a iya gano yaron da ke cikin haɗari, amma ba abin da za a ba shi. Wasu ma suna ganin ba amfanin gwajin da zai tayar wa uwa hankali alhali ba magani a hannu.

A nan haidiroksiyuriya ya shigo. Gaskiya ne an fara amfani da shi a kan wasu cututtukan daji na jini, shi ya sa takardar kwalin ke faɗin haka. Amma an gano yana sa ɓargo ya koma ƙera irin jinin da jariri ke zuwa duniya da shi, wanda ba ya lanƙwashewa. Yana ƙara yawan jini, ya rage fashewar ƙwayoyi, ya rage fararen ƙwayoyin da ke mannewa a bangon jijiya. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi ga manya masu sikila a 1998, kuma yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Wani binciken Amurka mai suna TWiTCH, da aka wallafa a 2016, ya nuna cewa yaron da ya yi aƙalla shekara guda ana ƙara masa jini, kuma hoto bai nuna jijiyoyinsa sun lalace sosai ba, ana iya mayar da shi kan wannan magani ba tare da lambarsa ta sake hawa ba. Sai dai wannan bai amsa tambayar Najeriya ba, domin yaranmu ba su da shekarar jinin da za a fara da ita.

## Binciken Kano da Kaduna

Amsar daga Arewa ta fito. Likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ciki har da Najibah Galadanci da Shehu Abdullahi, tare da Michael DeBaun da Muktar Aliyu na Jami'ar Vanderbilt a Amurka, sun fara da ƙaramin bincike don su ga ko iyaye za su yarda a gwada 'ya'yansu, su kuma riƙa ba su maganin kullum. Iyaye suka yarda, suka riƙe alƙawari, gudun jinin yaran kuma ya sauka cikin 'yan watanni.

Daga nan aka yi babban binciken da ake kira SPRING a Asibitin Aminu Kano, da Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad, da Asibitin Koyarwa na Barau Dikko a Kaduna. Yara 220 ne, 'yan shekara 5 zuwa 12, dukkansu lambarsu ta kai 200 ko ta haura. An raba su biyu: 109 aka ba su miligiram 10 ga kowane kilo na nauyin jikinsu a rana, 111 aka ba su miligiram 20. Sakamakon da aka wallafa a 2022 ya nuna yara 3 ne suka samu shanyewa a rukunin farko, 5 a na biyu, bambancin da bai kai a ce wani ya fi wani ba. Idan aka lissafa a shekara, rukunan biyu duk suna tsakanin kashi 1 zuwa 2 cikin 100, alhali yaran da ba a yi wa komai ba a binciken Amurka na 1998 suna wajen kashi 10. Inda aka ga bambanci shi ne kwanciya asibiti: masu shan miligiram 20 sun fi samun sauƙin wannan.

Tun kafin fitowar wannan sakamako, Ƙungiyar Likitocin Jini ta Amurka ta fitar da ƙa'idoji a 2020 waɗanda suka raba shawara gida biyu. Inda ƙarin jini da maganin kwashe ƙarfe suke samuwa, a yi ƙarin jini aƙalla shekara guda. Inda ba sa samuwa ko sun fi ƙarfin iyali, a ba da haidiroksiyuriya, aƙalla miligiram 20 ga kowane kilo. Ke nan likitan Kano da likitan Amurka littafi ɗaya suke karantawa, shafi ne ya bambanta.

## Inda masana suka rabu

Saɓani na farko a kan ƙarfin hujja ne. Binciken SPRING bai haɗa ƙwaya da ƙarin jini kai tsaye ba, kuma ba shi da rukunin da aka bari ba magani, domin hakan ba zai halatta ba bayan abin da aka sani tun 1998. Kwatancen da ake yi da yaran Amurka na shekarun 1990 ne, wata ƙasa, wani zamani. Masu taka-tsantsan suna cewa don haka ba za a ce ƙwaya ta yi daidai da jini ba, musamman ga yaron da jijiyarsa ta riga ta tsuke sosai. Masu binciken kuma suna cewa zaɓin da ke gaban iyali a Bichi ko Zariya ba tsakanin ƙwaya da jini yake ba, tsakanin ƙwaya da zaman jira yake. Duk ɓangarorin biyu suna da gaskiya a abin da suka faɗa, sai dai ga likitan da ke da yaro a gabansa yau, hujjar ɓangare na biyu ta fi nauyi.

Saɓani na biyu a kan awo ne. Wani ɓangare, wanda likita Russell Ware na Cincinnati a Amurka ke kan gaba a cikinsa, yana ganin a riƙa ƙara awon a hankali har a kai iyakar abin da ɓargon yaro zai ɗauka lafiya. Hujjarsu wani bincike ne a Kampala ta Yuganda da aka wallafa a 2020, inda yaran da aka ƙara wa awo zuwa wajen miligiram 30 suka fi masu tsayayyen 20 samun sauƙin ciwon ƙashi, da ƙarin jini, da kwanciya asibiti. Ɗaya ɓangaren yana cewa ƙara awo yana buƙatar gwajin jini a kai a kai da likitan da zai duba sakamakon, abin da asibitin ƙaramar hukuma ba shi da shi, kuma tsayayyen awo ya fi arha, ya fi sauƙin koya wa ma'aikatan jinya, don haka zai kai ga yara da yawa. A taƙaice ɗaya yana auna amfanin yaro guda, ɗaya yana auna yawan yaran da za a iya kaiwa gare su. Abin da suka haɗu a kai shi ne ko ƙaramin awo ya fi babu nesa ba kusa ba.

Sai tsoron illa. Maganin yana iya rage fararen ƙwayoyin jini, shi ya sa ake gwajin jini lokaci-lokaci, kuma adadin yakan dawo idan aka ɗan dakata. Bin diddigin masu sikila da suka sha shi shekaru masu yawa bai nuna yana ƙara musu cutar daji ba. An taɓa fargabar zai sa zazzaɓin cizon sauro ya fi kama yaran Afirka, sai binciken da aka yi a Angola, Kwango, Kenya da Yuganda, aka wallafa a 2019, ya nuna akasin haka, zazzaɓin ma raguwa ya yi kusan da rabi. Maganar da ke da tushe ita ce ta haihuwa: yana rage yawan ƙwayoyin maniyyi ga maza manya, ko da yake sikila ita kanta tana yin hakan, kuma ana dakatar da shi ga macen da ke shirin ɗaukar ciki. Wannan magana ce da ya kamata likita ya yi ta da iyaye a fili tun ranar farko, kafin su ji ta a bakin maƙwabta su daina ba yaro maganin a ɓoye.

## Me ya hana a buɗe jijiyar kawai?

Wanda ya ji ana sa wa masu ciwon zuciya ɗan bututun waya a jijiya zai iya yin wannan tambaya. Jijiyoyin cikin kai sirara ne, masu lanƙwasa, taɓa su kuma yana da haɗari. Ko a manya da kitse ya tsuke musu jijiyar ƙwaƙwalwa, wani binciken Amurka na 2011 ya nuna kusan kashi 15 cikin 100 na waɗanda aka sa wa bututun sun samu shanyewa ko sun rasu cikin wata guda, alhali masu shan magani kawai ba su kai kashi 6 ba. A sikila kuwa jinin ne ke lalata bangon, don haka ko an buɗe wuri ɗaya, sababin yana nan. Dashen ɓargo ne ke kawar da sababin, an kuma yi shi a birnin Benin na Jihar Edo tun 2011, aka buɗe wani shirin a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas a 2024, amma tsadarsa da buƙatar ɗan'uwan da ɓargonsa ya dace sun sa 'yan ƙalilan ne ke kaiwa gare shi.

## Yaron da ta riga ta same shi

Nan hukuncin ya canza. Wani binciken Amurka da aka wallafa a 2012 ya gwada cire irin waɗannan yara daga ƙarin jini zuwa ƙwaya. Bakwai cikin 67 da aka mayar kan ƙwaya suka sake samun shanyewa, ba ko ɗaya cikin 66 da suka ci gaba da karɓar jini. Don haka ga yaron da ya taɓa shanyewa, ƙarin jini ne kan gaba duk inda ya samu. Inda bai samu ba, haidiroksiyuriya ne madadin, yana rage haɗarin amma ba ya kawar da shi.

Akwai kuma shanyewar da ba ta nuna kanta a hannu ko ƙafa. Ƙananan sassan ƙwaƙwalwa su mutu shiru, sai hoton MRI ne zai gan su, kuma fiye da ɗaya cikin uku na masu SS suna da irin wannan tabo kafin shekara 18. Alamarta a makaranta take fita. Yaron da da yake riƙe hadda ya koma yana mantuwa, lissafi ya fara ba shi wuya, ya kasa tsayar da hankali. Malami ya ɗauka lalaci ne, a kai ga bulala. Irin wannan yaro likita ya kamata ya gani, kuma malaminsa na boko da na Islamiyya su san halin da yake ciki.

## Abin da wannan ke nufi a gida

Iyayen yaro mai SS da ya kai shekara 2 suna da haƙƙin tambaya a asibitin da suke zuwa ko ana gwajin TCD, in ba a yi a gaya musu inda ake yi. Bayan binciken SPRING, an horar da ma'aikatan jinya a wasu asibitocin gwamnati na Kano da Kaduna su riƙa yin gwajin da kansu maimakon jiran ƙwararren likitan hoto, wanda shi ne abin da zai sa a iya kai shi garuruwan da ke nesa da manyan birane. A Nijar akwai cibiyar ƙasa ta masu sikila a Yamai da za a iya tuntuɓa. Sakamako mai kyau na shekara guda ne kawai, baɗi sai an sake.

Idan an rubuta maganin, awonsa da nauyin yaro yake tafiya, don haka yana canzawa yayin da yaron ke girma, kuma ba a raba na wa da ƙane. Amfaninsa yana ɗaukar watanni kafin ya bayyana. Babbar matsalar da ke gaba ita ce yankewa: ana haɗa maganin a cikin Najeriya, wanda ya rage tsadarsa, amma abin da za a saya kowane wata shekara da shekaru nauyi ne ga mai ƙaramin ƙarfi, kuma duk watan da asibiti ya ce babu, kariyar tana raguwa. Dokar gwajin jini kafin aure da Jihar Kano ta kafa a 2024 tana iya rage haihuwar masu sikila nan gaba, sai dai ba ta taɓa yaran da ke raye yanzu ba. Su kasafin magani da na'ura da ma'aikaci ne zai amfane su.

Alamomin da ba a jira da su kuwa su ne baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta saki a ɓangare ɗaya, magana ta harɗe ko ta ɗauke, yaro ya fara jan ƙafa ba tare da ciwo ba, farfaɗiya ta zo wa wanda bai taɓa yi ba, ko ciwon kai mai tsanani farat ɗaya. Ko da alamar ta wuce bayan mintoci, gargaɗi ce. A gidaje da yawa tunanin farko shi ne iska ko sammu, a kwana ana tofi da hayaƙi kafin a nufi asibiti. Addu'a ba ta hana tafiya, ana iya yin ta a cikin mota. Ƙa'idar Ƙungiyar Likitocin Jini ta Amurka ta 2020 ta ce a fara ƙarin jini cikin awa biyu da isowar yaron asibiti, ba tare da an tsaya jiran hoto ba idan hoton zai kawo jinkiri. Don haka abin da za a fara gaya wa ma'aikacin da ke bakin ƙofa shi ne yaron mai sikila ne, da kuma lokacin da aka gan shi lafiya na ƙarshe.